Famfo, Ruwan Zafi da Murhu a Sabon Gida: Sharhi a Kan Aikin Wani Kamfani a Jos

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 12 da dare, wani lokaci ma ƙasa da 10. Ruwan da ya kwana a tankin roba a saman hasumiya yakan wayi gari da sanyin da tsoho ko ƙaramin yaro ba zai iya alwala da shi ba, balle wanka. Saboda haka mai gina gida a nan yana da tambayoyi biyu da mai gini a Abuja zai iya jinkirtawa: daga ina ruwan zafi zai fito, kuma da me za a ɗumama ɗakuna. Wannan sharhi ne a kan wani ƙaramin kamfani na cikin Jos da na ba aikin famfo da ruwan zafi da ɗumama ɗaki gaba ɗaya, a gidan da na gina wa iyalina mai ɗakunan kwana huɗu da sashen mahaifiyata, a wajen gari ta hanyar Bauchi. Gidan ya ga hunturu ya ga damina muna cikinsa, don haka ina ganin lokacin yin magana ya yi.

Abin da kamfanin yake sayarwa a haƙiƙa shi ne tsara jerin aiki. Bututu da famfo da tanki ana samun su a kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru, kuma masu aikin famfo da suka iya haɗa su suna da yawa a garin nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna da mai zanen gida da birkila da mai wayarin da mai tayil, ya faɗa wa kowa inda aikinsa ya taɓa na ɗan'uwansa, da ranar da zai shigo da ranar da zai dakata. A al'adar gini da muka saba, sai an gama bulo an yi rufi ake kiran mai famfo, ya zo da guduma da kurfi ya farfasa abin da aka kashe kuɗi aka gina, sannan bayan an tare a tuna da hita, a sake kiran mai wayarin ya ja waya a kan tayil. Injiniyan kamfanin ya ƙi karɓar aikin a kan wannan tsari. Sharaɗinsa na farko shi ne ya ga zanen gidan kafin a kai shi hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, domin neman izinin gini, saboda duk gyaran da zai nema ya shiga cikin zanen da za a amince da shi.

Gyaran da ya nema ya taɓa zanen sosai, kuma mai zanen bai ji daɗinsa ba da farko. Zanen ya watsa banɗakuna a kusurwoyi huɗu na gidan, kowane ɗaki da nasa a bangon waje. Injiniyan ya nemi a tattaro uku daga ciki su jingina da juna a tsakiyar bayan gida, kicin kuma ya matso kusa da su. Hujjarsa lissafi ce mai sauƙi wadda na duba na gamsu da ita. Bututun ruwan zafi mai faɗin milimita 25 yana riƙe da kusan lita ɗaya a kowace mita biyar. Idan banɗaki yana nesa da tankin ruwan zafi da mita 20, sai an zubar da fiye da lita huɗu na ruwan da ya huce a cikin bututun kafin ɗumi ya iso shawa, kuma idan an rufe famfo, wasu lita huɗun masu zafi ne za su zauna a hanya su huce. A gidan da mutum goma suke alwala da wanka, kuma ruwan da kansa sai an jawo shi daga rijiyar burtsatse da lantarki ko janareta, wannan asara ce ta kullum wadda ba a ganinta sai an daɗe. Da aka tattaro banɗakunan, mafi nisa daga tankin bai wuce mita shida ba, kuma ruwan ɗumi yana isowa kafin mutum ya gama wanke hannu.

Sashen Hajiya, mahaifiyata, shi ne kawai ya tsaya a inda yake, domin ta fi son ɓangaren da rana take faɗawa da safe kuma babu wanda ya yi niyyar tursasa ta. Da injiniyan ya je yi mata bayani, cewa ya yi: "Hajiya, ba za mu matsar da ɗakinki ba, sai dai za mu sa miki taki hitar daban, don kada ki tsaya jiran ruwa da asuba." Ya sa mata ƙaramar hitar lantarki mai lita 30, ya kuma jawo mata ruwan da sola ta riga ta ɗumama ya shiga hitar, ta yadda aikin lantarkin bai wuce cike gurbin zafin da ya ɓace a hanya ba. Wannan dabara ta burge ni, domin ta girmama ra'ayin mai ɗakin ba tare da ta ɓata tsarin gidan ba.

Aikin ƙarƙashin ƙasa shi ne wurin da na fi ganin amfanin kiran su da wuri. Filinmu ƙafa 100 ne a kan 100, kuma kamar yawancin filayen wannan yanki, da an haƙa kaɗan sai a tarar da dutse. Kafin a ja igiyar harsashi sun sa an yi ramukan gwaji a wurare daban-daban, aka gano kusurwa ɗaya ce kawai take da ƙasa mai zurfin da zai karɓi sokawe. Daga nan aka auna komai: rijiyar burtsatse ta koma kusurwar da take kallon wannan daga ɗaya ƙarshen filin, aka sami tazarar da ta haura mita 30 da masana tsaftar ruwa suke ba da shawara a bari tsakanin sokawe da rijiya. Sun kuma leƙa gidan maƙwabci sun auna nisan tasa rijiyar, abin da ban taɓa ganin mai aikin famfo ya damu da shi ba, ga shi kuwa haƙƙin maƙwabtaka ne. Mai fili 100 a kan 50 ya sani cewa tsawon filinsa duka bai wuce mita 30 da ɗan ɗoriya ba, don haka shi ya fi kowa buƙatar a yi masa wannan awon tun kafin a haƙa komai. Bututun masai mai inci huɗu sun ba shi gangare na santimita ɗaya a kowace santimita 40, suka bar masa ƙofofi a cikin harsashi ta hanyar ajiye guntayen bututu masu faɗi kafin a zuba kankare, kuma a duk inda layin ya karya kwana sun gina ƙaramin akwatin dubawa mai murfi. Ba a fasa harsashin gidan nan ko sau ɗaya ba domin shigar da bututu.

A kan ruwan zafi sun ba ni zaɓi uku, kuma sun yi bayanin kowanne da gaskiya. Hitar lantarki a kowane banɗaki ita ce mafi sauƙin saye, amma tana cin wuta: ɗumama lita 50 daga digiri 15 zuwa 60 yana cin kusan yunit biyu da rabi, kuma hita mai wat 1,500 za ta yi kusan awa ɗaya da minti 45 tana wannan aiki. Tun da hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin A, masu samun wuta mafi yawan awoyi a rana, naira 225 a kowane yunit a watan Afrilun 2024, wannan lissafi ya daina zama abin wasa, domin ƙara wa lita 300 zafin digiri 40 yana cin kusan yunit 14, wato fiye da naira 3,000 a rana a wancan farashi. Wanda ba ya rukunin A kuwa yana biyan ƙasa da haka amma ba shi da tabbacin wutar za ta zo a daren da yake buƙatarta. Hitar gas tana ba da ruwan zafi nan take, sai dai sun ce ba za su taɓa ɗaura ta a cikin banɗaki ba, dole ta kasance a waje da bututun fitar da hayaƙi, saboda iskar da take fitarwa tana kisa a rufaffen wuri. Na uku ita ce sola mai bututun gilashi, wadda na zaɓa, mai tankin lita 300 da ƙarfen lantarki a ciki domin ranakun da rana ta yi rowa.

Ita ma solar iri biyu ce, kuma a nan ne haɗa aikin famfo da na ruwan zafi a hannu ɗaya ya nuna amfaninsa ƙarara. Akwai mai jure matsi, wadda ake haɗawa da injin tura ruwa, shawa ta yi ƙarfi amma komai ya dogara da lantarki. Akwai kuma wadda ruwanta yake gangarowa da nauyinsa kawai, wadda ta fi araha kuma ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Matsalar ta biyun, wadda gidaje da yawa a garin nan suke fama da ita ba tare da sanin dalili ba, ita ce rashin daidaiton ƙarfi. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsin bar ɗaya. Idan ruwan sanyi yana saukowa daga tanki mai tsayin mita takwas, na zafi kuma daga mita biyar, to a famfon da yake gauraya su mai sanyin yakan danne mai zafin, har ya tura shi baya, sai mai wanka ya rasa tsaka-tsaki tsakanin ƙuna da ƙanƙara. Maganinsu shi ne sun ajiye ƙaramin tanki a daidai tsayin tankin solar, wanda babban tanki yake cikawa, daga nan ne ruwan sanyi na shawa yake sauka, don haka layukan biyu suna isowa da ƙarfi ɗaya. Sun yi babban layin da bututu mai milimita 32, suka kuma hana ni sayen wasu kawunan shawa masu ƙyalli da na gani a kasuwa, domin an ƙera su ne don matsi mai yawa kuma a gidana ɗigo kawai za su yi. Ƙarfin shawar da muka samu matsakaici ne. Wanda ya saba da ta otal ba zai yaba ba, amma ba ta taɓa tsayawa don an ɗauke wuta ba.

Wurin zaman solar ma tun a zane aka yanke shi. Lita 300 na ruwa kilo 300 ne, idan aka haɗa da tanki da gilasai da ƙarafa nauyin yana doshin kilo 400, wanda katakon rufi da kwano ba su dace su ɗauka ba. Sun sa an yi ƙaramin dekin a saman banɗakunan nan uku, da rodin da injiniyan gini ya lissafa, da matakalar ƙarfe ta hawa. Gilasan suna kallon kudu, kuma dalilin a fili yake: Jos tana kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, a ƙarshen Disamba kuwa rana takan karkata kudu da kusan digiri 33 daga tsakar ka, a daidai lokacin da aka fi buƙatar zafinta. Hasumiyar babban tanki sun kafa ta a arewa da dekin domin kada inuwarta ta faɗa kan gilasan a hunturu. Duk waɗannan abubuwa ne da ba sa cin ƙarin kuɗi mai yawa idan an yanke su a kan takarda, amma ba sa gyaruwa bayan an yi rufi.

Bututun da suka yi amfani da shi a cikin bango PPR ne, koren nan da ake narkar da bakinsa a haɗe. Na ruwan zafi sun sa mai lamba PN20, kuma sun nuna mini lambar a jikin kowane tsayi da aka sauke, domin a kasuwa ana cakuɗa shi da PN10 mai siririn jiki wanda na ruwan sanyi ne kawai. Ana haɗa shi a zafin digiri 260, kuma idan yaro ya bar shi a kan injin fiye da ƙima, robar takan narke ta toshe rabin hanyar ruwa daga ciki ba tare da an ga komai daga waje ba. Shugaban ma'aikatan yana da ɗabi'ar zaɓar mahaɗa ɗaya cikin waɗanda yaransa suka yi, ya yanke ta biyu ya duba cikinta a gaban kowa. Na ga ya sa an sake layi guda saboda haka. Bututun zafi duka sun sa masa rigar soso, ta cikin bango da ta sama, kuma sun bar masa sarari a kwanoni domin yana miƙewa idan ya ɗumama: tsayin mita 10 yakan ƙaru da kusan santimita shida idan zafinsa ya hau da digiri 40, wanda ya isa ya tsaga filasta idan an danne shi da siminti. Wanda yake waje a kan dekin sun lulluɓe shi domin rana tana cin irin wannan roba.

Da mai wayarin sun yi aiki a kan zane ɗaya. An yarda bututun ruwa ya hau ko ya sauka a miƙe daga kowane famfo, wayoyi kuma su bi ta sama, don haka duk wanda zai buga ƙusa a bangon banɗaki ya san layin da zai kauce wa. Hitar Hajiya da ƙarfen solar kowanne yana da nasa layin daga akwatin rarraba wuta, da makunni mai amf 20 a wajen banɗaki, da wayar ƙasa, da na'urar da take katse wuta idan ta fara zirarewa, mai miliamf 30. An kuma raba su da layin inbata tun daga farko, domin hita tana iya shanye batiran gida cikin ɗan lokaci. Mai wayarin, wanda ni na kawo shi ba su ba, ya so ya haɗa hitar Hajiya da layin soket ɗin ɗakinta don rage waya. Injiniyan ya ce masa: "Malam, ruwa da wuta ne za su haɗu a wannan ƙarfen, kuma tsohuwa ce za ta tsaya a ƙarƙashinsa da jiƙaƙƙen jiki." Maganar ta tsaya a nan.

Kafin filasta sun toshe duk bakunan bututu, suka cika layukan da ruwa, suka matsa shi da famfon hannu zuwa bar 10, suka bar ma'aunin a ɗaure har washegari. Allurar ta ɗan sauka, aka bi layi aka sami mahaɗa ɗaya tana tsatsafo a bayan wurin wanke-wanke na kicin, aka sake ta aka maimaita gwajin har allurar ta tsaya. Bayan haka suka ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a miƙe a kansa. Mai filasta ya yi gunaguni domin an tsayar da shi, kuma jinga ce ya ɗauka, kowace ranar zama asara ce a gare shi. Wannan kokensa gaskiya ne, kuma da kamfanin ya sanar da shi ranar gwajin tun da wuri da ya karɓi wani aikin a tsakani. Da mai tayil kuwa sun yi kyakkyawan aiki: sun ja masa layi a bango da yake nuna inda fuskar tayil za ta tsaya, domin bakunan famfo su fito daidai, kuma sun zuba ruwa a kowane daɓen banɗaki sun tabbatar yana gangarawa zuwa magudana kafin su sa hannu a biya shi.

A ɓangaren ɗumama ɗaki ne kamfanin ya gaza, kuma dole in faɗa dalla-dalla domin suna tallata kansu a matsayin masu yin aikin ruwa da na ɗumama ɗaki duka biyun. Na nemi murhun bango a falo, irin wanda ake gani a tsofaffin gidajen Turawan haƙar kuza, mai bututun hayaƙi da ya huda rufi. Sun karɓa ba tare da jinkiri ba, amma sai na lura ba su da ma'aikacinsu da ya san aikin, wani birkila suka ɗauko daga waje, kuma irin bin diddigin da suka yi wa bututun ruwa ba su yi wa wannan ba. Ranar da aka fara kunna shi hayaƙi ya dawo cikin falo. Dalilai biyu ne: bakin bututun hayaƙin ya tsaya ƙasa da tozon rufi, sai iskar hunturu mai tasowa daga arewa maso gabas ta bugi rufin ta danna hayaƙin ƙasa, sannan tagogin falon na alminiyam suna rufuwa ruf, babu ta inda iska za ta shigo ta maye gurbin wadda wuta take ci. Ƙa'idar da magina irin wannan murhu suke bi sananniya ce, wato bakin ya ɗara duk wani sashen rufi da yake kusa da shi da aƙalla santimita 60. Kamfanin da ya lissafa karkatar rana a watan Disamba bai kamata wannan ya kuɓuce masa ba. Sun ƙara tsayin, sun buɗe ƙaramar kafar iska a gindin murhun, yanzu yana ja lafiya, amma gyaran ya ɗauki mafi yawan hunturun farko, kuma sun nemi in biya rabin kuɗin kayan gyaran, abin da har yanzu nake ganin bai dace ba.

Duk da haka, shawarwarin da suka bayar a kan riƙe ɗumin gida sun fi murhun kansa amfani. Sun sa an shimfiɗa audugar gilashi a saman silin na ɗakunan kwana, an rage girman tagogin da suke kallon arewa maso gabas, an kuma sa roba a ƙasan ƙofofin waje. Bambancin a bayyane yake da asuba tsakanin ɗakunan da aka yi wa haka da ɗakin ajiya da ba a yi wa ba. A ɗakin Hajiya sun ware soket mai layinsa daban domin hitar ɗaki mai mai a ciki, wadda ba ta da jan wuta a fili. Sun kuma yi mata magana cikin ladabi a kan kaskon gawayi da ta saba shiga da shi ɗaki, suka bayyana mata cewa gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska marar wari marar launi wadda take sa mutum barcin da ba ya tashi, kuma ɗakin da aka toshe kafofinsa ya fi tsohon ɗaki haɗari a wannan fanni. Sun ɗaura na'urar da take ƙara idan wannan iska ta taru, ɗaya a falo ɗaya a sashenta.

Kuskure na biyu ya fi na murhun nauyi a wurina, domin ya shafi lafiyar yara. A watan Maris, lokacin da rana take da ƙarfi kuma ba a cika amfani da ruwan zafi ba, ruwan solar yana kaiwa ga tafasa. A tsayin Jos ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 96. Ruwa mai digiri 60 ma yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, kuma irin wancan zafi yana rage wa bututun PPR kwana. Akwai bawul da ake sawa a bakin tanki wanda yake gauraya ruwan da na sanyi da kansa ya sauko da shi zuwa kusan digiri 50 kafin ya shiga gida, a bar na cikin tankin da zafinsa sama da 60 domin ƙwayoyin cuta kada su hayayyafa. Wannan bawul bai fito a takardar farashinsu ta farko ba. Sai da aka zo ɗaura solar injiniyan ya kawo maganarsa a matsayin ƙari, da kuɗinsa daban. Na saya, kuma yana aiki yadda ya kamata, amma abu ne da bai kamata a bar wa mai gida zaɓi a kansa ba, domin wanda kuɗinsa ya ƙare a ƙarshen gini zai ce a bari sai gaba.

Yadda tsarin yake aiki a cikin shekara ya danganta da yanayi. A hunturu, duk da hazo, ruwan yana isar gidan wankan safe idan ba a yi almubazzaranci da dare ba, da sharaɗin a riƙa share ƙurar gilasan akai-akai, domin ƙura tana rage zafin sosai. Lokacin da ya fi wuya shi ne Yuli da Agusta, sa'ad da hadari yake rufe garin kwanaki a jere. A nan ruwan ɗumi-ɗumi kawai yake yi, sai an kunna ƙarfen lantarki, shi kuma mai wat 1,500 yana buƙatar fiye da awa huɗu kafin ya ƙara wa lita 300 digiri 20. Sun faɗa mini wannan tun farko, ban ɗauke shi a matsayin yaudara ba. Sun kuma gargaɗe mu da cewa idan tankin ya ƙare da rana kada a sake masa ruwa sai gari ya yi sanyi, domin ruwan sanyi yana fasa gilashin da ya yi zafi babu ruwa a ciki. Saboda ƙanƙarar da takan sauko da ruwan farkon damina a Filato, sun bar mana gilasai biyu na ajiya, kuma sun koya wa babban ɗana yadda ake zare fasasshe a sa sabo.

Farashinsu ya ɗara na wasu kamfanoni biyu da na tambaya da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma suna karɓar kuɗi a matakai huɗu: bayan aikin ƙasa, bayan gwajin matsi, bayan ɗaura kayan banɗaki, da bayan kunna solar. Araha ba ta ado, kuma idan na cire kuɗin fasa bango da sake tayil da na ga wasu sun kashe, ban ɗauki wannan bambanci a matsayin tsada ba. Abin da ban yaba ba shi ne takardar farashin farko ba ta ambaci lambar bututu ko sunan kamfanin da ya ƙera kowane kaya ba sai da na nace, kuma bayan an biya su kuɗin ƙarshe samun su a waya ya yi wuya. Zanen layukan ruwa da hotunan bango da suka yi alkawarin miƙawa ranar gama aiki sai da na yi ta bibiya kafin su zo, haka ma zuwan da suka yi alkawari na duba sandar da take kare tankin hitar Hajiya daga tsatsa ya wuce lokacinsa da nisa.

Wanda bai riga ya haƙa harsashi ba zai amfana da su ƙwarai, musamman idan filinsa mai dutse ne ko kuma yana son sola. Wanda ya riga ya yi rufi da filasta kuwa zai biya kuɗin tsarin da ba zai iya amfani da shi ba, gara ya nemi ƙwararren mai famfo ya tsaya a kansa ya ga gwajin matsi da idonsa. Duk wanda zai ba su aiki ya sa a rubuta bawul ɗin gauraya ruwa da lambar bututu a cikin yarjejeniya, ya nemi ganin murhun da suka taɓa ginawa yana ci da wuta kafin ya ba su nasa, ya kuma riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin har sai an miƙa masa zane da hotuna kuma hunturun farko ya wuce.